Yabo Daban, Amincewa Daban: Ina Matsayin Ma'aikacin Da Ba Ɗan Jiha Ba?

Kwanakin baya da yawa daga cikinmu mun halarci walimar sallamar wani dattijo ɗan ƙungiyarmu, mazaunin Liman Abaji a nan Keffi, wanda ya ajiye alli bayan ya shafe shekara 26 yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare. An cika an batse. Shugaban makarantar ya tashi ya ce ba a taɓa yin malami irinsa ba. Tsofaffin ɗalibansa, ciki har da likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikata daga Abuja, suka yi ta jawabi har wasu na share hawaye. Aka miƙa masa agogon bango, da turmin atamfa na uwargida, da takardar yabo a cikin gilashi. Aka ɗauki hotuna, aka ci aka sha, kowa ya kama gabansa.

Da muka raka shi gida, sai ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon fayil ya ajiye a gabanmu. A ciki akwai takardun sabunta kwantiragi guda 13, ɗaya duk bayan shekara biyu. Babu takardar tabbatar da shi a matsayin cikakken ma'aikaci, don haka babu fansho. Ɗaya daga cikin yaran da ya koya wa lissafi ya je jami'a ya dawo, an ɗauke shi aiki na dindindin, ya hau matakai har ya zama mataimakin shugaban makarantar, malamin nasa kuwa yana nan inda aka ajiye shi. Bautar ƙasa ce ta kawo shi garin nan, a nan ya yi aure, a nan aka haifi 'ya'yansa bakwai, a nan ya binne mahaifiyarsa. Abin da ya rasa shi ne takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda aka fi sani da takardar indijin.

Bai zagi kowa ba. Cewa ya yi: "Wallahi an kyauta mini, kuma na ji daɗi. Amma gobe idan na shiga kasuwa, wannan gilashin ba zai auno mini mudun masara ba."

Wannan magana ita ce ta sa muka ga ya wajaba mu tsaya a wannan fitowa mu bambance wa 'yan'uwa abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su a wuraren aiki, wato yabo da amincewa. Rashin bambance su ya sa da yawa daga cikinmu sun ƙare ƙuruciyarsu suna murmushi, sai da tsufa ya zo suka tarar hannunsu babu komai.

Mene ne bambancin?

Yabo shi ne a ga aikinka a ji daɗi, a faɗa maka. Sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri, takardar yabo ta ƙarshen shekara, kiran sunanka a taro, duk yabo ne. Daga zuciyar mutum yake fitowa, kuma babu dokar da ta tilasta wa kowa ya yi shi. Mu ba mu raina shi ba. Bahaushe ya ce yabon gwani ya zama dole, ya kuma ce yaba kyauta tukwici. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin shugaban da ba ya iya cewa sannu ya san yadda gwiwa ke sanyi, ko da albashi na zuwa a kan kari.

Amincewa kuwa ita ce hukumar da kake yi wa aiki ta yarda, a rubuce, cewa kai nata ne kuma kana da haƙƙi a kanta. A aikin gwamnati matakanta sanannu ne. Akwai takardar ɗauka aiki na dindindin mai fansho. Akwai takardar tabbatarwa bayan gwajin shekara biyu. Akwai ƙarin girma idan lokacinsa ya yi, wanda a ƙa'idar aikin gwamnati yakan zo bayan shekara biyu ga ƙananan ma'aikata, shekara uku ga na matakin albashi na 7 zuwa na 14, shekara huɗu ga na sama da haka. Akwai damar tafiya ƙaro ilimi da albashinka, da damar riƙe shugabancin sashe ko na makaranta idan ka cancanta. Daga ƙarshe akwai fansho, idan ka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 kana aiki, ko kuma 65 da 40 ga malaman makaranta a inda ake aiki da dokar da aka sa wa hannu a 2022.

Ga tambayoyi uku da kowane ma'aikaci zai iya auna abin da aka ba shi da su. Na farko, an rubuta shi a fayil ɗinka? Na biyu, idan aka canza wa shugaban da ke son ka wurin aiki, abin zai ci gaba ko zai bi shi? Na uku, idan ta Allah ta kasance a kanka, iyalinka za su iya ɗaukar takarda su je ofis su nemi wani abu da ita? Duk abin da ya kasa tsallake waɗannan tambayoyi yabo ne, komai kyansa. Zanen aro ne, ba ya rufe katara.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake amfani da yabo a toshe bakin mai neman amincewa. Mutum ya je ya tambayi maganar tabbatar da shi, sai a dafa kafaɗarsa a ce, "Haba Malam, ai kai namu ne, wa zai taɓa ka a nan?" Sai kunya ta kama shi ya koma aji. Shekara ta zagayo a ba shi kyautar gwarzon ma'aikaci, a tsallake sunansa a jerin masu ƙarin girma. Wannan shi ne romon baka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga ina matsalar ta faro?

Kada mu ɗora wa shugaban makaranta ko daraktan ma'aikata laifin da ya fi ƙarfinsu. Tushen abin yana cikin Tsarin Mulkin 1999 kansa, wanda ya ba mu da hannun dama ya karɓe da na hagu.

Sashe na 15(3) ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a kowane yanki na tarayya. Sashe na 17(3) ya yi maganar biyan albashi iri ɗaya ga aiki iri ɗaya ba tare da nuna bambanci ba. Sashe na 41 ya ba kowa 'yancin tafiya da zama inda ya ga dama a Nijeriya. Sashe na 42 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, kuma ƙaramin sashe na biyu ya ƙara da cewa ba za a hana kowa wani abu ba saboda yanayin haihuwarsa kawai.

To amma sashe na 15 da na 17 suna cikin Babi na Biyu ne, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta wa gwamnati aiki da shi. Sashe na 42(3) kuma ya bar ƙofa a buɗe ga dokokin da suka sa sharaɗi wajen naɗa mutum muƙamin gwamnati. Sannan sashe na 14(3) ya kawo tsarin raba daidai a muƙaman tarayya, sashe na 147(3) ya ce a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha wanda yake ɗan asalinta, sashe na 318 kuma ya danganta zama ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni. Ba a ambaci inda aka haife ka ba, balle inda ka yi wa jama'a hidima.

Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 34 ta 1996, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon cewa wane ne ɗan asali. Ƙa'idojinta har sun ce matar aure za ta ci gaba da lissafa kanta a jihar iyayenta. An yi tsarin ne da kyakkyawar niyya, don kada wani yanki ya mamaye aikin tarayya. Sai dai da ya sauko jihohi da ƙananan hukumomi ya rikiɗe ya zama katanga. A watan Afrilun 2006 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan batu bayan bincike a jihohin Kano, Kaduna, Filato da Delta, inda ta nuna yadda ake hana waɗanda ba 'yan jiha ba aikin gwamnati, ko a ɗauke su a kan kwantiragi babu fansho, a kuma caji 'ya'yansu kuɗin makaranta fiye da na sauran yara. Mu lura da sunayen jihohin nan da kyau, domin wasunmu daga can muka fito.

Wani abin mamaki shi ne, akwai ranakun da hukuma ke amincewa da mu ba tare da ta tambayi kakanninmu ba. Harajin albashi jihar da mutum yake zaune ake biya wa, shi ya sa ma'aikacin da ke kwana a Keffi ko Masaka ko Mararraba yana aiki a Abuja, harajinsa haƙƙin Jihar Nasarawa ne. Ranar rajistar zaɓe, a mazaɓar da kake zaune ake rubuta ka, kuma 'yan takara sun san hanyar Liman Abaji da Sabon Gari da Tudun Kofa sarai idan lokacin kamfe ya zo. Ranar ƙidaya, a nan ake ƙirga mu. Sai ranar ɗaukar aiki da ranar ƙarin girma da ranar fansho ne ake tuna cewa mu baƙi ne.

Ba ƙananan ma'aikata kaɗai ba

Wanda yake ganin girman muƙami ko yawan yabo zai kare shi, ya dubi abin da ya faru da manyan alƙalai. A watan Nuwamban 2012 Babbar Jojin Nijeriya ta lokacin, Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, ta dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a matsayin alƙaliyar Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda an gabatar da ita a gurbin Jihar Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana alƙalanci, alhali an haife ta 'yar Anambara. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki kafin aka rantsar da ita. A 2020 Majalisar Dokokin Jihar Kuros Riba ta ƙi amincewa da Mai Shari'a Akon Ikpeme a matsayin Babbar Jojin jihar, duk da ita ce gaba da kowa a aiki kuma Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta ba da sunanta, saboda asalin iyayenta Akwa Ibom ne, jihar da aka cire daga Kuros Riba a 1987. Sai a farkon 2021 aka tabbatar da ita. Babu wanda ya ce waɗannan mata ba su iya aiki ba.

A 2011 kuma, bayan an sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 18,000, gwamnatin Jihar Abiya a ƙarƙashin Gwamna Theodore Orji ta sallami dubban ma'aikatan da ba 'yan jihar ba, ta ce kowa ya koma jiharsa ta ɗauke shi. Yawancinsu 'yan ƙabilar Ibo ne kamar masu korar tasu, daga jihohin maƙwabta. Wannan ya isa ya nuna mana cewa yare ɗaya ko addini ɗaya ba ya ceton mutum a wannan tsari. Ranar da aljihun gwamnati ya motse, wanda ba shi da takarda shi ake fara saukewa daga mota.

'Yan'uwanmu 'yan asalin Jihar Nasarawa ma sun ɗanɗana. Ranar 30 ga Satumban 1996 ma'aikacin da ya fito daga Keffi ko Akwanga ko Lafiya cikakken ɗan jiha ne a Jos. Washegari, 1 ga Oktoba, da Janar Sani Abacha ya sanar da ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Filato, sai ya wayi gari baƙo a ofishin da ya yi shekaru yana aiki, ya tattara iyalinsa ya nufi Lafiya. Bai canza hali ba, bai canza gado ba, layi kawai aka ja a taswira. Kafin nan ma an yi haka a 1976 da aka raba Binuwai da Filato. Wa ya san layin da za a ja gobe?

Mun kuma ga inda wannan magana ke kaiwa idan aka bar ta ta ruɓe. Rikicin Jos na Afrilun 1994 a kan naɗin shugaban riƙo na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya tashi. Na Satumban 2001, wanda ya ci rayuka masu yawa, shi ma takaddama a kan naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci na ƙaramar hukumar tana cikin abubuwan da suka hura shi. A shekarar 2001 ɗin dai kudancin jihar nan ya ga nasa tashin hankalin, wanda ya raba dubban mutane da gidajensu. Kowane ɓangare ya yi asara, babu wanda ya ci riba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma mu nan ba sai an yi mana fassarar wannan karin magana ba.

Hujjar 'yan gari

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da magana. Suna cewa guraben aiki kaɗan ne, matasansu masu digiri suna zaune babu abin yi. Suna cewa Abuja ta tumbatso ta cika Karu da Keffi da mutane daga ko'ina, filaye sun yi tsada, gonaki sun zama gidaje, kuma idan aka buɗe ƙofa gaba ɗaya ƙananan ƙabilu irin su Gwandara da Gade da Yeskwa da Afo za su nitse a ƙasar kakanninsu. Suna kuma cewa baƙo yana da jiharsa da zai koma, su kuwa ba su da wata, don haka bai kamata mutum ya ci nan ya ci can ba.

Ba mu ɗauki wannan tsoro da wasa ba. Amsarmu ita ce, ba sarautar kowa muke nema ba, ba kuma gadon ƙasar kowa ba. Maganarmu a kan wanda aka riga aka ɗauka aiki ce. Idan an ga mutum ya isa a damƙa masa 'ya'yan gari ya koyar da su shekara 26, ko a damƙa mata mata masu naƙuda da tsakar dare, to ya isa a rubuta sunansa a littafin fansho. Wanda aka amince wa da rai da ilimin yara, me ya sa za a kasa amince masa da takarda?

Game da cin nan da cin can, mun yarda a toshe wannan ƙofa. Wanda ya zaɓi a lissafa shi a nan, ya saki haƙƙinsa na can, a rubuta. Amma a san cewa da yawa daga cikin 'ya'yanmu ba su da wani can ɗin. Yaron da aka haifa a Keffi, ya yi firamare da sakandare a Keffi, idan aka tura shi ƙaramar hukumar kakansa neman takarda, sai a tambaye shi sunan mai unguwa ya kasa faɗa. Nan a ce masa baƙo, can a ce ba a san shi ba.

Tarihin garin nan ma yana gefenmu. Keffi ta samo sunanta daga kafin da Abdu Zanga ya yi, bayan ya taso daga ƙasar Katsina a farkon ƙarni na 19. Umaru Makama Dogo, wanda ya kafa garin Nasarawa, shi ma mutumin ƙasar Katsina ne da ya fara zama a Keffi. Lafiya kuwa har yau ana kiranta Lafiyar Barebari. Ba mun kawo wannan don mu rage wa kowa daraja ba ne. Mun kawo shi ne don mu tuna cewa garuruwan nan sun yi girma saboda sun san yadda ake mayar da mai zuwa ya zama na gida. Kwalejin Gwamnati ta Keffi, tun daga 1949, ta yaye ɗalibai daga kowane lungu na Arewa a hannun malaman da suka zo daga nesa. Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Jami'ar Jihar Nasarawa, waɗanda suka zo a farkon shekarun 2000, sun ƙara jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina, kuma kowa ya ga yadda garin ya buɗe.

An taɓa yin abin da muke nema a ƙasar nan. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. A Legas, Rauf Aregbesola ɗan Jihar Osun ya riƙe kwamishinan ayyuka daga 1999 zuwa 2007, Ben Akabueze ɗan Anambara kuma ya riƙe kwamishinan kasafin kuɗi daga 2007 zuwa 2015. Legas ba ta rushe ba. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya gabatar da ƙudurin gyaran Tsarin Mulki da zai ba wanda ya zauna a jiha shekara goma damar zama ɗan jihar, amma ya janye shi bayan suka daga sassa daban-daban. Wannan ya nuna mana cewa gyaran daga sama zai ɗauki lokaci, don haka kada mu naɗe hannu muna jiran Abuja.

Mu ma mu dubi kanmu

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yawa daga cikin 'yan ƙungiyar nan masu shaguna ne, da masu makarantun kuɗi, da gidajen burodi, da gidajen mai. Yaya muke yi da namu ma'aikatan? Akwai yaron shagon da ya yi wa maigidansa shekara goma, kullum ana cewa "yaron nan akwai amana," amma maganar yaye shi da ba shi jari kullum sai bayan Sallah. Akwai malamar da ke koyarwa a makarantar ɗan'uwanmu, ana kiranta uwar makaranta, ba ta da ko takardar ɗauka aiki, kuma idan aka yi dogon hutu babu albashi. Wanda ya yi haka ba shi da bakin zargin gwamnati.

Haka nan jihohin da muka fito. Idan muna so a tabbatar da ɗan Kano ko ɗan Sakkwato a Keffi, to mu buɗe baki idan mun je gida a kan ɗan Eggon ko ɗan Mada da ke koyarwa a can a kan kwantiragi. Haƙƙin da muke nema wa kanmu kaɗai son kai ne. Sai mun nema wa kowa zai zama haƙƙi.

Sannan kada neman takarda ya sa mu manta da sannu. Akwai ɗan jiha mai cikakken fayil, ƙarin girmansa na zuwa a kan kari, amma babu wanda ya taɓa duban idonsa ya ce ya kyauta, har ya zama zuwa aikin ma dole ce kawai. Ma'aikaci yana bukatar duka biyun. Abin da muka ƙi shi ne a ba mu ɗaya a madadin ɗaya.

Abin da muke kira a yi

Ga gwamnatin jiha da Majalisar Dokoki da ke Lafiya, muna roƙon a binciko duk ma'aikatan da suka daɗe a kan kwantiragi saboda asalinsu kawai, a sa wa'adin shekaru bayyananne wanda duk wanda ya cika shi ba tare da laifi ba za a mayar da shi na dindindin, a kuma lissafa masa shekarun da ya riga ya yi. Sashe na 14(4) na Tsarin Mulki ya umarci jihohi da ƙananan hukumomi su kula da bambancin jama'ar da ke ƙarƙashin ikonsu, kuma mu muna cikin jama'ar nan.

Ga ƙananan hukumomi, muna roƙon a rubuta sharuɗɗan ba da takardar indijin a manna a bango kowa ya gani, domin abin da aka bari a duhu shi ke haifar da cin hanci da son rai.

Ga ƙungiyoyin ƙwadago, musamman ta malamai da ta ma'aikatan lafiya, muna tuna musu cewa duk wanda ake cire wa kuɗin ƙungiya daga albashinsa ɗansu ne. Su sa maganar 'yan kwantiragi a teburin tattaunawa kamar yadda suke sa maganar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024.

Ga iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, waɗanda suka karɓe mu hannu bibbiyu, muna roƙon su zama shaidunmu. Su suka san wanda ya zauna lafiya da maƙwabtansa shekara talatin. Da ɗan gari akan ci gari.

Ga 'yan'uwa ma'aikata kuwa, rashin sani ya fi dare duhu. Kowa ya ɗauko takardar ɗaukarsa aiki ya sake karantawa, ya ga ko an rubuta na dindindin mai fansho ko kwantiragi. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar leburori da ƙananan ma'aikata ya ba su sharuɗɗan aiki a rubuce kafin wata uku su cika. Dokar fansho ta 2014 ta sa ma'aikaci ya riƙa ajiye kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai aikin ya ƙara kashi 10, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin kuma yake bin sa duk inda ya koma. Wanda wurin aikinsa ke cikin wannan tsari ya je ya duba ko kuɗin na shiga. Duk alkawarin da aka yi maka da baki, ka nemi a rubuta, cikin ladabi. Duk takardar da ka shigar, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Takardun yabon ma kada a yar, domin ranar da aka ce ba ka cancanta ba, su ne shaidarka.

Idan abu ya ƙi, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ba ta ikon sauraron ƙarar nuna bambanci a wurin aiki, har da duba yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Nijeriya ta amince da su, irin yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki, wadda Nijeriya ta rattaba wa hannu a 2002. Hanyarmu ke nan: takarda, haƙuri da bin doka. Ba mu da wata.

Muna roƙon duk ɗan ƙungiya da ke aiki a kan kwantiragi, ko wanda aka tsallake shi a ƙarin girma ba tare da an gaya masa dalili ba, ya kawo kwafin takardunsa wurin sakatare kafin taronmu na wata mai zuwa, domin mu haɗa su mu san yawanmu kafin mu nemi ganin hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shi kuwa dattijon namu, ya rataye agogonsa a falo, yana kuma koyar da yaran unguwa lissafi da yamma a ƙofar gidansa don ya samu na cefane. Ya ce mu faɗa wa matasa kada su jira shekara 26 kafin su yi tambayar da ya kamata ya yi tun shekarar farko. Mun isar da saƙonsa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa guminmu ya amfane mu da iyalanmu, amin.